Tambayoyi da amsoshi: yadda ƙungiyoyin al'umma za su taimaki sansanonin bazara na yaran Yahudawa

Tambayoyin nan su ne waɗanda suke ta dawowa duk shekara idan kwamitocin ƙungiyoyi a nan Amurka sun zauna kasafi, kowa na cewa ina za a sa ɗan abin da aka tara. Wasu daga 'yan kwamitin majami'un Yahudawa suke fitowa, wasu daga ƙungiyoyin unguwa da ke maƙwabtaka da su, wasu kuma daga 'yan uwanmu da ke aikin jin ƙai ko girki ko gadi, aiki ya haɗa su da irin waɗannan wuraren suna son su gane yadda abin ke tafiya. Na fara da na sama-sama, sannan na gangara zuwa masu ɗan zurfi.

Wai mene ne ma sansanin bazara na Yahudawa?

A Amurka da Kanada makarantu suna tafiya dogon hutu daga wajen Yuni har ƙarshen Agusta, sama da wata biyu yara na zaune, to tun da daɗewa mutanen ƙasar suka saba tura 'ya'yansu sansani a bayan gari, galibi cikin daji a bakin tafki, su yi iyo, su tuƙa kwalekwale, ƙwallo, waƙe-waƙe, da dare su kwana a ɗakunan katako goma-goma ko sha biyu-sha biyu tare da samari ko 'yan mata masu kula da su. Na Yahudawa ma haka yake, sai dai an gina rayuwar cikinsa a kan addininsu da al'adarsu: abinci kosha (wanda ya bi dokokin abinci na addininsu), hutun ranar Asabar da suke kira Shabbat, addu'o'i, da kalmomin Ibrananci da za ka ji a bakin yaro ɗan shekara tara, ɗakin cin abinci ya ce maka chadar ochel, mai kula da shi kuma madrich.

Iri biyu ne. Akwai na kwana, inda yaro zai yi sati biyu, huɗu, wasu har takwas bai ga gida ba. Akwai na jeka-ka-dawo, bas ta ɗauke su da safe ta maido su da yamma, yawanci cibiyoyin al'umma da ake kira JCC ke gudanar da waɗannan. Kuma tun asali aikin ƙungiya ne fa. Surprise Lake Camp da ke Cold Spring a jihar New York, a 1902 ƙungiyar Educational Alliance ta kafa shi don a fitar da 'ya'yan baƙin haure talakawa daga cunkoson gidajen haya na unguwar Lower East Side a birnin New York su sha iska, har yau kuma yana nan yana aiki.

Duk iri ɗaya ne, ko akwai bambanci a tsakaninsu?

Akwai bambanci sosai, kuma ya kamata ku san shi kafin ku sa kuɗinku. Sansanonin Ramah na ɓangaren Conservative ne, wato masu tsaka-tsaki a addinin Yahudanci, na farkonsu a 1947 aka buɗe shi a Conover, jihar Wisconsin. Na ɓangaren Reform, masu sassauci a addini, ƙungiyar majami'unsu ta URJ ce ke riƙe da su, tsohonsu shi ne OSRUI a Oconomowoc, shi ma a Wisconsin, tun 1952. A ɓangaren masu tsananin riƙo da addini, 'yan Chabad suna da Gan Israel tun 1956, Bnei Akiva suna da Moshava, ga na ƙungiyoyin matasa irin su Young Judaea da Habonim Dror. Akwai ma waɗanda ba ruwansu da tsananin ibada, kamar Kinderland da ma'aikata masu magana da Yidish, yaren Yahudawan gabashin Turai, suka kafa a 1923. Daga baya aka samu na musamman, na wasanni, na kimiyya, da Eden Village da ya rataya komai a kan noma.

Wani wurin maza da mata ba sa haɗuwa a iyo, wani wurin ana kaɗa jita ranar Asabar, wani kuwa ko wutar lantarki ba a kunnawa a ranar. Wannan zai shafi irin kyautar da za ku kai da ranar da za ku je, duba amsar da ke ƙasa kan abinci da kuma ta ƙarshe kan ziyara.

Me ya sa al'ummarsu ta damu da su haka?

Saboda Yahudawa wajen kashi 2 cikin 100 ne na mutanen Amurka, kuma yaro da yawa shi kaɗai ne Bayahude a ajinsu, musamman a ƙananan garuruwa. Sati huɗun nan na sansani ne kaɗai lokacin da ba sai ya yi wa kowa bayanin kansa ba. Duk wanda ya yi renon yara a ƙasar da ba tasa ba ya san wannan damuwar, kana kallon yare da tarbiyya suna zamewa daga hannunka a hankali kamar ruwa a kwando.

Na taɓa kasancewa a wani sansanin kwana da yammacin Juma'a. Tun wajen la'asar hayaniya ta ragu, yaran da suka wuni cikin taɓo suka yi wanka, sai ga su suna fitowa ɗaki-ɗaki kowa da fararen kaya, suna gangarawa bakin tafki hannu a kafaɗar juna suna waƙa, manya a baya ƙanana a gaba. Wata 'yar ƙarama a kusa da ni ba ta iya kalmomin ba, bakin ta gefenta kawai take kallo tana bi. Babu malami da allo, amma na tabbata kafin ta koma gida ta haddace. Binciken da Foundation for Jewish Camp ta fitar a 2011 mai suna Camp Works ma abin da ya nuna ke nan, waɗanda suka yi sansani suna yara sun fi sauran kunna kyandir ɗin Shabbat, zuwa majami'a da bayar da sadaka ga ayyukan al'ummarsu idan sun girma.

Ba iyaye ne ke biyan kuɗi ba? Taimakon me kuma ake nema?

Iyaye na biya, kuma ba kaɗan ba, sansanin kwana abu ne mai sauƙi ya haura dala 1,000 a sati, ka lissafa wata guda ga mai 'ya'ya uku. Amma duk da haka kuɗin da iyaye ke biya da ƙyar yake rufe hidimar bazarar kanta, wato abinci, albashi, inshora, motoci, asibitin cikin sansani. Yawancinsu ƙungiyoyi ne da ba na neman riba ba, kuma ga matsalar da mutane ba sa lura da ita: wata biyu kawai wurin ke kawo kuɗi amma wata goma sha biyu yake ci. Dusar ƙanƙara ta danne rufi a Janairu, bututu ya fashe saboda sanyi, ga ma'aikatan dindindin da ke neman yara da masu aiki tun daga kaka. Wannan giɓin da kuma tallafin iyalan da ba su da hali, su ne wurin da ƙungiyoyi ke shigowa.

Waɗanne ƙungiyoyi ne suka saba yin wannan?

Na farko su ne fedireshan, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar Yahudawan kowane gari da ke tara gudummawa shekara-shekara ta raba wa ayyuka, sun haura 140 a Amurka da Kanada, babbarsu UJA-Federation ta New York. Sai majami'u da ƙungiyoyin matansu da na mazansu, sai JCC, sai tsofaffin 'yan sansani da suka girma suka yi ƙarfi. A sama kuma akwai manyan gidauniyoyi: Foundation for Jewish Camp da Robert Bildner da matarsa Elisa Spungen Bildner suka kafa a 1998, da gidauniyar Harold Grinspoon a Massachusetts, da ta Jim Joseph wadda ta zuba kuɗi wajen kafa sababbin sansanoni na musamman.

Akwai kuma ƙungiyoyin bashi marar ruwa, kamar Hebrew Free Loan Society ta New York da ke nan tun 1892. A garuruwa da dama irin waɗannan suna ba iyaye rancen kuɗin sansani su biya kaɗan-kaɗan ba tare da ƙarin ko sisi ba. Mutane suna mantawa da su, alhali ga iyalin da ke da albashi amma ba shi da dunƙulen kuɗi a hannu lokaci guda, wannan ne maganin.

Mu ƙaramar ƙungiya ce, daga ina za mu fara?

Ku kira shugaban sansanin ku tambaye shi abin da ke hana shi barci. Wallahi wannan ita ce shawarar da ta fi duk sauran da ke shafin nan, kuma ita aka fi tsallakewa, sai kwamiti ya zauna a cikin gari ya yanke cewa yara na bukatar sababbin ƙwallaye, alhali mutumin can abin da ke gabansa injin wanke kwanuka ne da ya mutu, ko nas ta biyu da ya kasa biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan lokaci. Kada ku kira a Yuli, a lokacin ko numfashi ba ya samu. Ku kira a Satumba ko Oktoba bayan an rufe, lokacin raunukan bazarar suna sabo a kansa kuma yana tsara kasafin baɗi. Rajista ma da kaka ake buɗe ta a wurare da yawa, iyaye kuma suna yanke shawara tun cikin hunturu, to tallafin da aka sanar a Mayu ya makara, iyalin da aka so a taimaka sun riga sun haƙura sun ce wa yaron bana ba dama.

Ko dala 500 kuke da ita a shekara, ku ce za ku bayar shekara uku a jere, ku cika. Ya fi dala 1,500 sau ɗaya a ɓace. Idan kuna son ku bi al'adarsu ku bayar a ninkin 18, kamar 180 ko 360 ko 540, domin a lissafin haruffan Ibrananci 18 ita ce kalmar chai, wato rai, suna jin daɗin ganin haka.

Mene ne One Happy Camper, kuma ya wadatar?

Shiri ne na Foundation for Jewish Camp tare da fedireshan na garuruwa da wasu abokan hulɗa, yana ba yaron da zai je sansanin kwana karo na farko tallafin kuɗi. Ba a duba talauci ko arziki, manufar ita ce a jawo iyalin da ba su taɓa gwadawa ba. Sharuɗɗan sun bambanta daga gari zuwa gari, misali yawan kwanakin da yaro zai yi da irin makarantar da yake zuwa, don haka ku tambayi fedireshan ɗinku. Ƙungiya za ta iya zuba kuɗi a asusun shirin na garinta, ko ma kawai ta tabbatar iyaye sun ji labarinsa sun cike fom a kan lokaci, wannan ma aiki ne babba kuma kyauta yake.

Amma bai wadatar ba, kuma a nan nake ganin ƙananan ƙungiyoyi suka fi amfani. Yaro ya je bazarar farko, ya yi abokai, ya dawo yana ƙirga kwanaki, shekara ta biyu kuma tallafin farkon ya tafi, kuɗin ya dawo cif a kan uwa. Gara ma bai ɗanɗana ba. Amfanin da aka yi magana a kai a sama ba a bazara ɗaya yake samuwa ba, sai an yi ta komawa har yaro ya zama shi ne mai kula da wasu. Idan aka ce in zaɓar muku wuri guda da za ku sa kuɗin tallafi, zan ce shekara ta biyu da ta uku.

Yaya za mu raba tallafin ba tare da mun kunyata iyali ba?

Kada kwamitinku ya ga sunaye. Ku miƙa kuɗin ga sansanin ko fedireshan, mutum ɗaya ko biyu da aka amince da su su duba takardu, ku a kawo muku adadi kawai. A ƙaramar al'umma kowa ya san kowa, uban da ya rasa aiki ba zai cike fom ɗin da ya san maƙwabcinsa ne zai karanta ba, zai gwammace ɗansa ya zauna a gida. Su kansu suna da wannan a koyarwarsu, malaminsu Maimonides, wanda Larabawa suka sani da Musa bin Maimun, ya jera matakan sadaka takwas, ya sa wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a kusa da ƙololuwa. Mu ma ai mun taso da jin cewa hannun hagu kada ya san abin da dama ya bayar.

Ku rage takardu, kada a sa uwa ta cike fom huɗu a wurare huɗu don dala 300 kowanne. Kuma ku tuna kuɗin rajista ba shi ne ƙarshe ba: akwai jakar barci, akwati, takalmin ruwa, tocila, fararen kayan Juma'a, kuɗin likita na cike takardar lafiya, kuɗin bas ko jirgi. Yaron da ya je kyauta amma babu farar riga ranar da kowa ya sa, shi kaɗai ya san abin da ya ji. Ɗan asusun kaya da shugaban sansani zai taɓa a ɓoye yana magance wannan. Kada kuma ku tilasta wa yaro rubuta muku wasiƙar godiya da sunansa.

Gini za mu yi ko kuɗin gudanarwa za mu bayar?

Na san gini yana da daɗi, ana ganinsa, ana manna allon suna, ana ɗaukar hoto. Amma duk sabon gini baki ne da aka ƙara wa gida, zai ci wuta, inshora, fenti, gyara, kuma ba kasafai wanda ya gina yake barin kuɗin ciyar da shi ba. Abubuwan da suka fi kashe sansani ba wanda ke son sunansa a kansu: ramin masai da bututunsa, rijiyar burtsatse, janareta, rufin kicin, hanyar da motar asibiti za ta bi. Ni a ganina ƙungiyar da ta biya kuɗin gyaran masai ta fi wadda ta gina dandalin wasan kwaikwayo lada, ko da ba wanda zai tafa mata.

Mafi daraja shi ne kuɗin da ba a ɗaure shi da sharaɗi ba, ku ce ga shi ku yi abin da ya fi matsa muku. Idan kuma ginin ne lallai, ku nemi hanyar ninka shi. Shirin JCamp 180 na gidauniyar Grinspoon ya daɗe yana yin tsarin ka kawo in ƙara, sansani ya tara wani adadi su ɗora nasu a kai, suna kuma tura masu ba kwamitin amintattu horo kan tara kuɗi da tsara gaba. Ku tambayi sansanin ko akwai irin wannan gangamin a buɗe, domin dalarku a lokacin ta fi dala ɗaya nauyi. Gidauniyar tana kuma ƙarfafa mutane su sa sansani a wasiyyarsu, abin da ke gina asusun dindindin mai kama da waƙafi, ana cin ribarsa uwar kuɗin na nan.

Ma'aikata fa? Muna iya taimakawa ta nan?

Sosai ma. Sansani ba tafki ba ne, wannan ɗan shekara 19 ɗin ne da ke tashi ƙarfe biyun dare saboda yaro na kukan kewar gida. Albashinsu kaɗan ne, kuma yanzu ɗaliban jami'a suna fuskantar matsin su nemi aikin koyon sana'a a kamfani da hutu don takardar neman aikinsu ta yi kyau, to nagartattun sai su daina dawowa daidai lokacin da suka ƙware. Ƙungiya za ta iya ƙara musu ɗan alawus idan sun dawo shekara ta biyu ko ta uku, ko 'yan kasuwar cikinta su ba su gajeren aikin koyo a Mayu kafin a buɗe sansani don kada su zaɓi ɗaya su bar ɗaya.

Wasu ma'aikatan daga waje suke zuwa da bizar J-1, ciki har da matasan Isra'ila da hukumar Jewish Agency ke turowa kowace bazara, ana ce musu shlichim. Waɗannan ranar hutunsu ba su da inda za su, iyalin da zai karɓe su kwana ɗaya su yi wanki su ci abincin gida ya yi taimako na gaske. Likitoci da nas-nas na cikin ƙungiyarku kuma su ba da sati guda. Sannan lafiyar ƙwaƙwalwa: damuwa da fargaba sun yi yawa a tsakanin yara da ma'aikatan kansu, shi ya sa aka fito da shirin Yedid Nefesh don sansanoni su ɗauki ƙwararru a wannan fannin. Biyan albashin ma'aikaciyar walwala guda na bazara ɗaya yana cikin irin kuɗin da na ce ba a gani a amsar gini.

Za mu iya kai abinci ko kaya maimakon kuɗi?

Kaya e, amma da tambaya. Abinci kuwa ku yi hattara. Wata shekara ƙungiyarmu ta unguwa ta haɗa katan-katan na biskit da alewa da lemon kwali muka kai wani sansanin jeka-ka-dawo, da zuciya ɗaya. Matar da ke riƙe da kicin ta karɓe mu hannu bibbiyu, sannan ta ɗauki kwali ɗaya-ɗaya tana juyawa tana neman wani ɗan tambari, harafin U a cikin da'ira ko makamancinsa, shaidar cewa hukumar kosha ta duba. Fiye da rabi babu, alewar ma da jelatin a ciki, sinadarin da ake samowa daga fata da ƙashin dabba. Na ji nauyi ƙwarai, domin ni ma haka nake juya kwali a kanti ina neman ko akwai alade. Ta ja ni ciki ta nuna min: ɓangaren nama daban, na madara daban, wuƙaƙe da tukwane masu jan alama na nama, masu shuɗi na madara, wurin wanki biyu, ga mai sa ido da suke kira mashgiach yana duba duk abin da ya shigo. Kayanmu sai rumbun abincin mabukata na gari muka kai.

Saboda haka abincin da aka dafa a gida ba zai shiga ba ko da halal ne, halal da kosha suna kama amma ba ɗaya ba ne, su ba sa haɗa nama da madara sam. Ga kuma yara masu rashin jituwa da gyaɗa, wurare da yawa sun hana ta gaba ɗaya. Ku nemi jerin abin da suke so, ko ku biya dilan da suke saye a wurinsa kai tsaye. Aikin gayya ma yana da kyau, a Mayu ana bukatar hannaye na share ɗakuna, fenti, fito da kwalekwale, sai dai ranar Lahadi za a sa, ba Asabar ba.

Maganar tsaro fa, har ta kai a damu?

Ta kai. Ranar 10 ga Agusta 1999 wani ɗan bindiga ya shiga cibiyar JCC ta North Valley a Granada Hills, Los Angeles, ya harbi mutane ciki har da ƙananan yaran sansanin jeka-ka-dawo. Ranar 27 ga Oktoba 2018 aka kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life a Pittsburgh. Iyaye ba su manta ba, tambayar farko da suke yi yanzu ke nan. Ƙofa, kyamara, rediyon hannu, masu gadi, horo, duk sun zama kuɗin dole da da can babu su a kasafi.

Gwamnatin tarayya tana da tallafin Nonprofit Security Grant Program ta hannun hukumar agajin gaggawa ta FEMA, ana nema ta ofishin jiha, kuma sai an yi binciken raunin tsaron wurin tukuna, ƙungiyar Secure Community Network da aka kafa a 2004 da jami'an tsaron fedireshan suna taimakawa da wannan. Abu biyu ƙungiyarku za ta iya: ta ba da wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi, sannan ta ba da rance na ɗan lokaci, saboda tsarin shi ne ka kashe tukuna a maido maka, ƙaramin sansani kuwa ba shi da abin kashewar. Kuma tsaro ba na ɗan bindiga kaɗai ba ne. Ku tambaya ko ana binciken tarihin duk ma'aikaci, ko akwai dokar hana babba keɓewa da yaro, da kuma wa yaro zai faɗa wa idan wani abu ya faru. Sansanin kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Yara masu nakasa suna da wuri?

Suna da shi, amma bai kai bukata ba. Ramah ta fara shirin Tikvah a 1970 lokacin da mutane da yawa ke ganin ba zai yiwu ba, yanzu ya bazu a sansanoninta. Akwai Camp HASC a Parksville na masu bukata ta musamman, akwai Camp Simcha na ƙungiyar Chai Lifeline don yara masu ciwon daji da cututtuka masu tsanani. Gidauniyar Weinberg ta tallafa wa shirin Yashar don gyara gine-gine keken guragu ya iya shiga. Inda ƙaramar ƙungiya za ta shigo shi ne albashin mai rakiya, wani yaron sai an ba shi mutum guda nasa shi kaɗai, kuɗin nan kuma yakan faɗo a kan iyayen da asibiti ya riga ya tatse.

Idan bala'i ya faɗa wa sansani fa?

Ya sha faruwa. A Oktoba 2017 gobarar daji ta Tubbs ta cinye yawancin Camp Newman kusa da Santa Rosa a Kalifoniya. A Nuwamba 2018 gobarar Woolsey ta ƙone Hess Kramer da Gindling Hilltop da JCA Shalom a yankin Malibu. Sansanonin nan sun ci gaba da karɓar yara a wuraren aro kafin a sake gini, wato abin da suka fara bukata shi ne wanda zai ba su fili da ɗakuna, da kuɗin riƙe ma'aikata. A 2020 kuma korona ta sa yawancin sansanonin kwana ba su buɗe ba sam, kuɗin shekara guda ya tafi, abin da ya tsirar da da yawa shi ne iyayen da suka bar kuɗin rajistarsu a matsayin gudummawa da tallafin gaggawa na fedireshan da gidauniyoyi. Tun kafin gobara ake haƙa rijiya, ku taimaka musu su tara asusun ko-ta-kwana a shekarun lafiya, wannan ma yana komawa ga maganar kuɗi marar sharaɗi.

Ƙungiyarmu ba ta Yahudawa ba ce, ya dace mu shiga?

Ba abin da ya hana, kuma ba lallai sai da kuɗi ba. Sansanoni da yawa suna ba da hayar wurinsu bayan bazara ga makarantu da ƙungiyoyin addinai daban-daban don taron kwana biyu ko uku, hayar nan tana rage musu giɓin watannin da na ambata, ga Musulmi kuma kicin ɗin da alade bai taɓa shiga ba abin so ne. Maƙwabtan karkara, 'yan kwana-kwana na sa kai, asibitin ƙauye, duk zumuncinsu da sansani tsaro ne. Masallatai da coci-coci suna neman wannan tallafin tsaron na gwamnati su ma, ana iya koyon cike shi tare.

Na san abin da ke ran wasu, maganar Isra'ila da Falasɗinu. Gaskiya ita ce sansanoni da dama suna da alaƙa mai ƙarfi da Isra'ila, wasu a kanta ma aka kafa su kamar na Young Judaea da Bnei Akiva, wasu kuma ba haka suke ba, duba amsa ta biyu. Ku karanta manufar wurin, ku tambaya a fili, ku zaɓi abin da zuciyarku ta natsu da shi. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ɗora wa yaro ɗan shekara goma da ke koyon iyo laifin wata gwamnati.

A Amurka kaɗai ake yi?

A'a. Kanada na da su da yawa, kuma misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Szarvas a Hungary, wanda ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka mai suna JDC da gidauniyar Ronald Lauder suka buɗe a 1990 bayan faɗuwar kwaminisanci. Yara daga ƙasashe da dama na gabashi da tsakiyar Turai suke zuwa, wasu daga gidajen da kakanni suka ɓoye asalinsu bayan kisan kiyashin Holokos, a can suka fara ganin yadda ake Shabbat, da yawa daga cikin masu jagorantar al'ummomin yankin a yau nan suka taso. Ƙungiyar da ke son taimaka wa irin wannan ta bi ta hannun JDC ya fi sauƙi da aminci.

Yaya za mu san kuɗinmu ya yi aiki?

Ku duba ko sansanin yana da rajistar 501(c)(3) ta ƙungiyar da ba ta neman riba, ku karanta fom 990 da suke miƙa wa hukumar haraji, yawanci a buɗe yake a intanet, sai dai waɗanda ke ƙarƙashin majami'a ba lallai su cike shi ba, su sai ku nemi rahoton mai binciken kuɗinsu. Ku tambaya ko suna da shaidar American Camp Association, ƙungiyar da ke tantance ingancin sansanoni. Bayan haka tambaya uku sun isa a shekara: yara nawa suka samu tallafi, nawa daga cikinsu suka dawo, ma'aikata nawa suka dawo. Don Allah kada ku ba da dala 1,000 ku nemi rahoto mai shafi ashirin, lokacin da za a ɓata a rubuta shi ya fi kuɗin tsada.

Sannan ku je ku gani da idonku, mutum biyu ko uku, da izini tun da wuri saboda ba a shiga haka kawai, za a nemi katin shaida a ƙofa. Kada ku ɗauki hoton yara sai an yarda. A sansanin da ke kiyaye Shabbat ba a shiga ko fita da mota daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, to ko ku iso kafin magariba da shirin kwana, ko ku zaɓi tsakiyar mako, ku kuma tambayi ranar azumin Tisha B'Av da ke faɗowa a Yuli ko Agusta don kada ku dace da ita. Idan kun je ku roƙi a nuna muku kicin da asibiti da bayan ɗakunan kwana, sannan ku ci abincin rana a teburin ma'aikata ku saurare su.